Na Zaɓo Wa Mijina Katin Kwamfuta Kamar Mai Zaɓen Rago

Anti Bashira, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina fara ta ina gogewa. Ba ciwo ba ne, ba faɗa ba ne, ko ɗaga murya ba a taɓa yi a gidanmu ba. Kunya ce kawai take neman kashe ni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan da ba zai yi mini dariya ba.

Ni 'yar Kaugama ce, aure ya kawo ni Haɗeja wata goma sha ɗaya da suka wuce. Maigidana, wanda ba zan ambaci sunansa ba, sana'arsa ɗaukar bidiyo da haɗa shi: biki, suna, walimar sauka, taron ƙungiya. Yana da ɗan shago da kwamfutar tebur guda ɗaya wadda ya harhaɗa da hannunsa, da sola da batir biyu, saboda wutar layinsu ba ta da tabbas. Da wannan kwamfutar muke ci muke sha.

Ni kuma gara in faɗi aibuna tun yanzu. Littattafan soyayya ne. In na riƙe ɗaya, miya za ta iya ƙonewa ban ji ƙauri ba. A cikinsu kullum akwai ranar da matar take yi wa mijin kyautar ba-zata, ya buɗe, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya rasa abin faɗa. Tun kafin a ɗaura mini aure na ƙudura a raina sai na ga wannan rana a ɗakina.

Ya daɗe yana ƙorafin kwamfutar tana jan ƙafa. In ya gama haɗa bidiyo ya sa ta fitar da shi, sai ya je masallaci ya dawo, ya ci abinci, tana nan tana lallaɓawa. Yakan ce maganin abin shi ne katin girafik, wani ɗan allo da ake sokawa cikin kwamfuta ya ɗauke mata nauyin hoto da bidiyo. Yana cewa shi ba manya masu tsadar nan yake hange ba, na talaka ma ya ishe shi. Sai na ce a raina, ga kyautata ta samu.

Ina da tumaki uku a garken Innata, jikokin wata tunkiya da kakata ta ba ni ranar sunana. Na sa yayana Abubakar ya sayar mini da ɗaya, na ce masa kayan ɗaki zan ƙara. Da aka tashi bikin 'yar ƙanwar Innata a Kano, na tafi da izinin maigidana, amma ban gaya masa cewa ni da Adila, ƙanwar amarya, za mu biya ta kasuwar kayan kwamfuta ba.

Anti, ba zan ɗora wa mai shagon laifi ba, don mutumin kirki ne. Ya ajiye mini kati biyu a kan tebur, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko ƙarami ne, sabo a kwalinsa, fanka ɗaya, an rubuta huɗu a jikin kwalin. Na biyun na hannu ne, dogo, fanka biyu, bayansa ƙarfe, an rubuta takwas, kuma ya ce in an kunna shi har fitila yake yi mai canza launi. Ya tambaye ni wane aiki za a yi da shi, na ce bidiyo. Ya tambaye ni da wace wuta shagon yake aiki, kuma nawa ne ƙarfin akwatin wutar da ke cikin kwamfutar. Ta farkon na sani, ta biyun ko jin ta ban taɓa yi ba. Ya ce in buga wa mai kwamfutar waya in tambaye shi. To in na buga, ina ba-zatar? Ga Adila a tsaye tana kallona, ni da na cika mata baki tun daga gida cewa na san aikin mijina ciki da waje.

Sai na yi abin da na tashi na ga ana yi. Baffana dillalin dabbobi ne. Tun ina ƙarama nake ganinsa yana ɗaga rago ta ƙirji ya ji nauyinsa, ya shafa gadon bayansa, sannan ya yi magana. Na ɗauki kati ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na jijjiga su. Ƙaramin kamar faifai, babban kuwa har wuyan hannuna ya amsa. Na ce babban nake so. Mai shagon ya ce, tunda sola ce, shi dai da ƙaramin zai ba ni shawara. Nan ma sai maganar Baffa ta faɗo mini, cewa in mai dabba ya cika yabon ɗaya, to ka dubi ɗayar. Na yi murmushin wadda ba a cuta, na ce ya naɗe mini babban. Takwas ai ta fi huɗu, ko yaron firamare ya sani.

Ranar da na ba shi na turara ɗaki, na naɗe katin a sabon mayafi, na rubuta 'yar takarda na soka. Ya buɗe, ya yi shiru. Ya juya shi, ya daɗe yana kallon wani ɗan rami a gefensa inda ake soka waya. Sannan ya ɗago ya yi murmushi, ya ce Allah Ya yi mini albarka, tunda yake ba a taɓa yi masa kyauta irin wannan ba. Ni kuwa wannan shirun na ɗauke shi irin na cikin littafi ne, na mutumin da daɗi ya toshe wa baki. Har ƙwalla na yi a madadinsa.

Washegari ya turo mini hoton katin a cikin kwamfuta yana walƙiya shuɗi da ja. Na ɗora a sitatus. Na tura a zauren WhatsApp ɗinmu na masu karatu, mata sun fi ɗari, da dogon bayani a kan yadda mace ta gari take sanin buƙatar mijinta ba sai ya faɗa ba. Ƙannensa suka sa mini suna amarya injiniya. Kullum ya dawo sai na tambaye shi ya katinmu, ya ce yana gudu kamar doki.

Bayan mako uku, wata Laraba na yi dambun shinkafa na ce bari in kai masa da kaina. Na sauka daga adaidaita da azahar, rana tsaka, sai na tarar da janareta yana ruri a ƙofar shagon. Na san ba ya tayar da shi sai da damina in hadari ya rufe rana. Na shiga, ɗakin kamar gidan burodi, kwamfutar tana ƙara kamar injin markaɗe. Ya cire mata murfin gefe, ya juya fankar tebur ɗinsa tana hura wa katin iska, shi kuma rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa. Da ya gan ni sai ya yi sauri ya ce mura ke damunsa, shi ya sa ba ya son fanka. Na ajiye kwanon na dawo gida.

Sauran labarin a bakin maƙwabciyata na ji shi, Maman Iliya, mutuniyar Filato, wadda take yi mini kitso. Mijinta Malam Nathaniel yana koyar da kwamfuta a sakandare, kuma shi ke duba ta maigidana in ta samu matsala. Ita ta ɗauka na sani, tana kitso tana yaba haƙurin mijina. Ta ce katin in yana aiki da gaske yana da sauri, bidiyon da a da yake cin awa biyu yanzu bai fi ɗaya ba. Amma shan wutarsa ba kama hannun yaro. Batiran da suke kai shi magariba yanzu kafin la'asar sun kwanta. Akwatin wutar kwamfutar kuma bai iya ɗaukarsa, sai ana tsakiyar fitar da bidiyo ta ɗauke ɗif, a koma farko. Ta ce tun kwana na biyu Malam Nathaniel ya ce a cire shi, zai nemo wanda za a yi musaya da shi, maigidana ya ce a'a, kyautar iyalinsa ce, kuma kullum sai ta tambaya.

Sannan ta faɗi wadda ta gama da ni. Wai ƙaramin nan mai fanka ɗaya, shi ne ainihin wanda ya daɗe yana so, saboda ba ya shan wuta, har ya gaya wa Malam Nathaniel cewa ya taɓa nuna mini hotonsa a waya. Anti, ya nuna mini. Sau biyu ma. Na tuna sarai, ya miƙo wayar yana bayani, na ce uhm, ya yi kyau, ban ɗago ba, saboda ina daidai wurin da jarumin littafin ya farfaɗo a asibiti bai gane matarsa ba. Kaina yana kan cinyar Maman Iliya, na ce mata kitson ne ya yi zafi shi ya sa nake hawaye.

Da a ce bidiyon biki ne kawai da da sauƙi. Amma akwai aikin ƙungiyar manoman shinkafa ta wajen Guri a hannunsa. Kwana tara ya yi yana bin fadama, wani wurin a kwalekwale, yana ɗaukar yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin wasu suka bushe, na wasu suka nutse. Akwai baƙi masu tallafa wa manoma da za su zo, kuma wannan bidiyon za a nuna musu. Shi ne aiki mafi girma da ya taɓa samu. Yau saura kwana goma sha biyu, ko rabi bai kai ba. Shekaranjiya da safe na ji shi a zaure yana ba shugaban ƙungiyar, Alhaji Shu'ibu, haƙuri a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa don kar in ji.

Yanzu ni ina yi kamar ban sani ba, shi yana yi kamar komai lafiya. Na daina tambayar katin, sai shi da kansa yake shigowa yana cewa katinmu yana gaishe ni. In ya faɗi haka ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi tunanin in sayar da tunkiya ta biyu in ba Malam Nathaniel ya sayo ƙaramin a ɓoye ya musanya. Na yi tunanin in rubuta masa wasiƙa in sa a aljihun rigarsa. Na ma yi tunanin in yi shiru har katin ya ƙone da kansa, Allah Ya yafe mini.

Anti, shin abin da na sayo ɗin nan shara ne? Yaya ake gane mai kyau in ba a duba nauyi da lamba ba? Kuma ta ina zan fara, in na yi magana na tona kaina, na kuma tona shi cewa mako uku yana ɓoye mini gaskiya?

Taki cikin jin kunya,
Mai Sauran Tumaki Biyu, Haɗeja

AMSA

'Yata Mai Sauran Tumaki Biyu, share hawayenki. Na yi dariya a wurin jijjiga kati, ba zan ɓoye miki ba, amma dariyar ƙauna ce. Macen da ta sayar da dabbarta don ta sauƙaƙa wa mijinta sana'a ba abin kunya ta yi ba. Kuskurenki ɗaya ne: an ce ki tambaya kin ƙi, don kar kwalliyar kyautar ta ɓaci. Matambayi ba ya ɓata.

Bari mu fara da katin. Ni ba fannina ba ne, don haka na kai wasiƙarki, ba tare da sunan gari ba, wurin Malam Sunusi mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Ya ce abin da kika sayo ba shara ba ne. Ga mai wuta tsayayya da akwatin wuta mai ƙarfi, musamman masu gidan wasan kwamfuta, babban ya fi ƙaramin riba a kuɗi ɗaya. Takwas ɗin da ta ruɗe ki kuwa, lambar girman ma'ajiyar katin ce, ya ce ki ɗauke ta kamar faɗin tabarmar shanya: tana nuna yawan abin da za a baza a lokaci guda, ba ta nuna saurin mai aikin ba, ba ta kuma faɗin abin da zai ci. Kati mai araha ana auna shi ne da aikin da za a ba shi, da wutar da ke akwai, da zafin ɗakin da zai zauna. A shagon sola a wuri mai zafi, katin da ya gama bidiyo a awa ɗaya amma ya kashe batir da la'asar, ya kuma ɗauke a tsakiyar aiki, ya fi mai tafiyar hawainiya ɓata lokaci. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gwajin ma mai sauƙi ne: a ɗauki guntun bidiyo ɗaya, a fitar da shi da katin, a sake fitar da shi ba katin, a duba agogo, a duba abin da batir ya ragu. A ƙarshe abin ƙirgawa shi ne aikin da aka kammala daga safe zuwa yamma.

Ya ƙara da gargaɗi biyu, kuma ki riƙe su da kyau. Wannan ɗaukewar da kwamfutar take yi tana iya lalata abin da ke cikinta, don haka a kwafe hotunan manoman nan zuwa wani wuri dabam yau, kafin komai. Sannan katin na hannu ne, ba a san wahalar da ya sha a baya ba, kuma kowace rana da ya yi cikin wannan zafi darajarsa raguwa take yi. Yanzu da yake da rai za a samu mai musaya. In ya ƙone, an yi biyu babu. Ko a musanya shi, ko a rage masa shan wuta, ko a ƙaro akwatin wuta mai ƙarfi, wannan hukuncin maigidanki ne da Malam Nathaniel. Su suka san kwamfutar.

Saboda haka kada ki taɓa tunkiya ta biyu. Sayayya a ɓoye ita ta kawo ki nan, ba za ta fitar da ke ba. Kada ki kuma sa maƙwabci ya buɗe kwamfutar mijinki a bayan idonsa, za ki ɓata zumuncin da ya fi katin tsada. Wasiƙar aljihu ma ki bar ta. Zai karanta a shago shi kaɗai, ya dawo ya ce ba komai, ku ci gaba daga inda kuka tsaya.

Shi ma maigidan naki ina da magana a kansa. Mutumin da zai ba kati fankarsa ya zauna cikin gumi don kar ran matarsa ya ɓaci, ki riƙe shi hannu bibbiyu. Kara ce ya yi miki, irin wadda aka tarbiyyantar da mu a kai. Amma kara tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce haƙƙin wasu. Manoman nan sun ba shi amanar kukansu, ba su san da wata kyauta ba. Sai dai ba ke za ki yi masa wannan wa'azin ba. Ya san shi, shi ya sa yake rage murya a zaure. Abin da yake jira kawai shi ne a kwance masa igiyar da ya ɗaure kansa da ita, kuma ke kaɗai ce za ki iya.

Ga yadda za ki yi. Da safe, bayan ya karya, kafin ya fita. Ba turare, ba doguwar shimfiɗa, kuma ki daure kada ki yi kuka, don in kika fara zai koma lallashi, maganar ta bi ruwa. Ki ce masa kin san katin bai dace da shagon ba, kin san ƙaramin ya nuna miki ba ki duba ba, kin gode da karar da ya yi miki, kuma kina roƙonsa ya cire shi yau. Kalmar ƙarya kada ta fito daga bakinki. In ya tambayi inda kika ji, ki faɗi gaskiya: kin ga fanka da idonki, Maman Iliya kuma ta yi magana ne bisa zaton kin sani, ba gulma ta kawo ba. Ki gaya masa kyautar tana nan ko an musanya ta, domin sauƙin aiki kika yi niyyar ba shi, ba fitila mai launi ba.

Matan zaurenku ba su bin ki bashin bayani. Ki bar maganar ta mutu da kanta. Yayanki kuwa, in kin je gida ki gaya masa ainihin abin da kika yi da kuɗin tunkiyar. Dabbarki ce, amma ƙaramar ƙarya ba ta da amfanin ajiyewa. Littattafanki ki ci gaba da karantawa, ni ma na karanta nawa a zamanina. Illa dai in mijinki ya miƙo miki waya yana bayani, ki kifa littafin. Jarumin ciki zai jira ki, ba inda za shi.

Wasiƙarki ta ci kwana biyu kafin ta iso hannuna, ke nan saura goma. Goma sun isa a gama aikin in an fara gobe, ba za su isa ba in kika tsaya neman ranar da kunya za ta sake ki. Ba za ta sake ki ba sai kin buɗe baki. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sa aikin mutanen Guri ya fita a kan lokaci, ruwa ya koma gonakinsu, Ya kuma bar ku tare cikin rufin asiri da faɗa wa juna gaskiya.

Anti Bashira